Yawan gonaki ba ya nufin tsiro ya tsira

An daɗe ana ɗauka cewa tsiron da ake nomawa birjik ya wuce haɗarin ɓacewa. Ba haka ba ne. A Wenshan, lardin Yunnan na ƙasar Sin, an shafe kimanin shekara 400 ana noman sanci, saiwar da ake tsayar da zubar jini da ita. Amma a dawa, an neme shi an rasa.

Wannan rashi babba ne, domin a jikin na dawa masu gyaran iri ke samo halayen gado na jure cuta. Ga ruɓewar saiwa tana addabar gonaki, har ƙasar da aka girbe kan huta shekara 10 ko fiye kafin a sake shuka shi. Danginsa na jeji, Panax stipuleanatus, shi ma haƙa ta kusa ƙarar da shi.