Koya wa yaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi tsarin bacci mai kyau

Koyar da tsarin bacci wani ɓangare ne na wayar da kai kan lafiya, inda ake zama da yara da iyayensu ana nuna musu awa nawa ya kamata yaro ya samu, ƙarfe nawa zai kwanta, da abubuwan da ake yi kafin kwanciya dan baccin ya zo ba da rigima ba. An fi yinsa a makarantun nazare da firamare da asibitocin yara. Dalilin da ya sa ake ware gidajen masu ƙaramin ƙarfi kuwa shi ne bincike ya sha nuna cewa yaransu sun fi kwanciya a makare, kuma baccinsu ya fi gajarta ya fi yankewa cikin dare.

A 2016 ƙungiyar likitocin bacci ta Amurka ta fitar da lissafin da aka fi amfani da shi yanzu. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14, ɗan 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, duka har da baccin rana a ciki. Daga shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12 ne, matasa 'yan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Kenan yaron da za a tasa ƙarfe 6 na safe dan makaranta, in ɗan shekara 7 ne, ƙarfe 9 na dare ya kamata ta same shi ya riga ya yi bacci.

A cikin bacci mai nauyi ne jiki yake sakin mafi yawan sinadarin girma, a nan ne kuma ƙwaƙwalwa take adana abun da aka koya da rana. Abun da yake ruɗa mutane shi ne yaro ba kamar babba bane, babba in bacci bai ishe shi ba sai ka ganshi yana hamma yana gyangyaɗi, shi kuwa yaro sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa, ya kasa zama wuri ɗaya, abu kaɗan kuka, a aji hankalinsa na wani wuri, sai a ce masa mara ji ko daƙiƙi alhali bashin bacci ne a kansa.

Matsalar gidan talaka yawanci ba ta rashin sani ba ce kaɗai. Ɗaki ɗaya ne mutum shida ko bakwai, fitilar da yaya yake karatu da ita ita ce ke haska fuskar ƙaninsa, babba na kallo ko yana waya a gefe. Uwa ko uba na aikin dare, ko sai dare ya yi nisa suke dawowa, to yaron zai jira su ne, wani lokacin ma abincin daren sai sun dawo. Ga hayaniyar titi, ga zafi ko sanyi, ga yunwa, ga asma wadda ta fi tashi da dare kuma danshi da hayaƙi suna ƙara ta. Damuwar iyaye kan kuɗin haya ma yaro yana jin ta a jikinsa ko ba a faɗa masa ba. Shi ya sa shawarar da ake kwafowa daga littafi, wai a ba yaro ɗakinsa shi kaɗai mai duhu da shiru, a irin wannan gidan kusan zolaya ce.

Abun da ake koyarwa mai amfani shi ne wanda baya cin kuɗi. Na farko lokaci ɗaya na kwanciya da na tashi kullum, har ranakun hutu, saboda agogon jiki da maimaici yake saituwa. Sai jerin abubuwa uku ko huɗu da ake yi a jere kowane dare cikin minti 20 zuwa 30, misali wanke jiki, goge haƙori, karanta littafi ko ba da labari, sannan kwanciya. Sai ajiye waya da kashe talabijin kamar awa ɗaya kafin nan, dan haske yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke gaya wa jiki dare ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kar su wuce awa ɗaya a gaban sikirin a rana. Shayi da kofi da lemon kola da yamma su ma ana hana su, tunda kafeyin, sinadarin hana bacci da ke cikinsu, yana kai wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jikin babba ma.

To koyarwar tana aiki kuwa? Sakamakon ya rabu biyu. A Amurka an gwada ta a cikin Head Start, shirin gwamnati na yaran talakawa 'yan ƙasa da shekarun shiga firamare wanda aka fara a 1965. Wani nazari da aka buga a 2014 daga jihar Mishigan ya samu cewa yaran da aka koya wa su da iyayensu da malamansu sun ƙara kusan minti 30 na bacci a daren makaranta bayan wata ɗaya. Amma wani da ya fi shi girma a jihar Niyok, wanda ya fito a 2022, bai ga wani canji na a zo a gani ba a tsawon baccin. Wannan bai zama abun mamaki ba, darasi baya canza lokacin aikin uwa kuma baya ƙara ɗaki. Dan haka wasu shirye-shiryen suke haɗawa da ba da gado ko katifa da bargo da littafi, wasu kuma su zauna da kowane gida a duba abun da zai yiwu a wurinsu, ko labule ne a raba ɗakin, ko a bar babbar yaya ko kaka ta riƙe lokacin kwanciya ranar da iyaye basa nan.

Akwai kuma matsalar baccin da ba ta darasi ba ce sam. Yaron da yake minshari kusan kowane dare, yana numfashi ta baki, numfashin yana ɗaukewa yana dawowa, mai yiwuwa tsokar maƙogwaronsa ce da ake kira tonsil ta yi girma tana toshe hanyar iska. Irin wannan ko awa 12 ya yi a kwance zai tashi a gajiye, likita ya kamata ya duba shi.