Ma'anar "otomatik", da kwamfutar da ke tashi shago a kulle

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasa, kalmar otomatik ta cika gidajen rediyo. Wannan ya ce ubangidansa zai samu "tikitin otomatik", wancan ya ce da zarar an kafa sola ruwan famfo zai riƙa zuwa otomatik. Kwanan nan na ji wani mai gabatar da shiri ya fassara ta da "abin da babu hannun kowa a ciki". Wannan fassarar ce ke ɓata mini rai, domin ita ke sa mutanenmu kallon na'ura kamar tsafi.

Asalin kalmar Girkanci ne, automatos, wato mai motsi da kansa, ta biyo ta Turanci ta iso mana. To amma a bakin masu aikin na'ura, abin da take nufi shi ne aikin da wani ya riga ya tsara, ya tafi ya bar na'ura tana cika umarni.

Ɗan yayana yana da shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim. Kwamfutarsa ta tebur ce, ta gwanjo, mai nawar tashi. Kullum ƙarfe 7 na safe sai ta kunna kanta, shi kuwa yana gida. Mai shayin da ke gefe ya ji kukan fanka, ya leƙa ta taga ya ga haske. Kafin azahar dattawa sun ce mutanen ɓoye ne, samari sun ce AI ce. Mai shayin ya tare ni a hanya: "Malam, ka yi wa yaron nan magana a yi wa shagon addu'a." Na ce, "Baba, addu'a ba ta yawa, amma zo in nuna maka."

A jikin babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda sauran kayanta ke jone da shi, akwai ɗan shiri da ake kira BIOS, shi ke farkawa kafin Windows. Na sababbin kwamfutoci sunansa UEFI, masu gyara dai BIOS suke cewa har yau. Da ka kunna sai ka danna F2 ko Delete, a HP kuma F10, ka shiga. A can akwai agogon da ba ya barci, wanda wani batir mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, ke riƙe da shi. Wannan agogon ya fi komai burge ni. Ɗan ƙanƙanin dutse ne ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda, kuma ba da ka aka zaɓi adadin ba: ka raba shi biyu, ka sake rabawa, har sau 15, sai ka tashi da 1 cif. Bugu ɗaya kenan a daƙiƙa, irin dabarar da ke cikin agogon hannu mai batir. Kwamfutocin IBM suna ɗauke da irin wannan agogo tun 1984. Yaron ya shiga wurin da Dell ta rubuta Auto On Time, wasu kuma Resume by RTC Alarm, ya sa rana da sa'a da minti, ya adana. In lokacin ya yi, agogon sai ya aika sigina, tamkar an danna maɓalli. Tikitin jam'iyya ma haka yake, wasu ne suka zauna suka tsara.

Kuskuren da har masu shago ke yi shi ne zaton batirin nan ne ke tayar da kwamfutar. Lissafin lokaci kawai yake tsarewa. Tashin yana buƙatar 'yar wuta mai bolt 5 da ke ci gaba da shiga allon ko an kashe kwamfutar, muddin tana jone. In ka kashe soket, ko inbata ta mutu cikin dare, ƙarfe 7 zai wuce shiru. In kuma kwabon ne ya ƙare, kwanan wata zai koma shekarun baya duk lokacin da aka cire wuta, shafukan intanet su fara ƙin buɗewa.

Akwai wani saitin kusa da shi, mai sa kwamfuta ta tashi da zarar wuta ta dawo. Shi kam ba na ba kowa shawararsa a ƙauyukanmu in babu sitabilaiza. Wutar da ke dawowa rabi-rabi, ta ɗauke ta sake dawowa cikin minti guda, ba abin da za a bar na'ura ta tarba ita kaɗai ba ne.

A gaban mai shayin muka mayar da lokacin minti 5 gaba, muka kashe, muka zauna. Da ta tashi sai ya ce a sake, muka sake. Da damina ta kankama, batirin solar da ke ba shagon wuta ya daina kaiwa asuba, yaron ya mayar da ita ƙarfe 9, lokacin da rana ta hau kan faranti.