Maganin rage ƙiba: wa ya dace ya sha, kuma daga hannun wa?

Ƴan uwa mazauna Yamai, tambaya ta yi yawa a kan allurar rage ƙiba da ake yayatawa a TikTok da WhatsApp. Gaskiya ne akwai ta, kuma tana aiki. Sai dai ba don kowa aka yi ta ba, ba kuma a tiren ƴan talla ake samunta ba.

A wajenmu ma'aikatan lafiya, ba da ido ake gane ƙiba ba, awo ake yi. Ana ninka tsawon mutum da kansa, a raba nauyinsa da abin da ya fito. Mace mai tsawon mita 1,60 da kilo 80, lissafinta ya kai 31. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ta zama cuta. Likita kan rubuta magani ga wanda ya kai 30, ko wanda ya kai 27 in yana fama da hawan jini ko ciwon sukari. Amaryar da ke son ɗinkin biki ya zauna mata daidai ba ta cikin wannan layi.

Tsohon magani shi ne orlistat, wanda ake sayarwa da sunan Xenical. Ana sha tare da abinci, yana hana hanji tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na maiƙon da aka ci. Wanda ya sha shi ya bi da ƙosai da soyayyen nama, zawo mai maiƙo zai ba shi labari.

Wanda ake ta magana a kai shi ne semaglutide, na kamfanin Novo Nordisk da ke Danmak. Da sunan Ozempic an yi shi ne don masu ciwon sukari, sai a 2021 Amurka ta amince da shi da sunan Wegovy don ƙiba. Allura ce sau ɗaya a mako. Tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, sai mutum ya ƙoshi da wuri, yunwa ta lafa. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, waɗanda suka yi makonni 68 suna yin ta, tare da gyaran cima da motsa jiki, sun zubar da kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Ga abin da masu talla ba sa faɗa: da aka bibiyi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya dawo. Ke nan magani ne na dogon zango kamar na hawan jini, ga tsada. Kafin ka fara, tambayi aljihunka ko zai jure. Allurar tana kawo tashin zuciya, amai, zawo ko taurin ciki, wani lokaci duwatsu a matsarmama. Mai ciki da mai shayarwa ba sa yi, mai neman haihuwa kuma sai ta daina wata biyu kafin nan. Allurar tana buƙatar sanyin firiji, tsakanin digiri 2 da 8. To allurar da ta yini cikin jaka a zafin Afrilu na Yamai, me ya rage a cikinta? Ban da haka, a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil, Ingila da Amurka.

Shayin rage tumbi da ƙwayoyi marasa suna sun fi ba ni tsoro. Wasu maganin zawo ne ko na fitsari, ruwan jiki suke zubarwa, kitse na nan daram, ƙoda ce ke shan wahala. A wasu ƙasashe an sha gano sibutramine a ɓoye cikin irinsu, maganin da aka janye a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ko Mediator, maganin da likitocin Faransa suka daɗe suna rubutawa har don rage ƙiba, an janye shi a 2009 bayan ya lalata zukatan mutane da dama.

Akwai kuma namu na gida. A nan ana ganin jiki alamar hutu ce da kulawar miji, shi ya sa wasu mata ke shan deksametazon da siro na buɗe ciki don su yi ƙiba. Fuska ta kumbura, sukari da jini su hau. Ga irin wannan baiwar Allah, magani na farko shi ne rabuwa da ƙwayar, amma a hankali bisa tsarin likita, don yanke ta farat ɗaya na iya kwantar da mutum.

In kana ganin nauyinka ya yi yawa, je CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwarku, a auna nauyi, tsawo, jini da sukari. Tafi da duk abin da kake sha, har na gargajiya, cikin kwalinsa. In an rubuta maka takardar magani, a farmasi za ka saya, ka kuma koma ranar da aka ce ka dawo. Rage kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100 ya isa ya sauko da jini da sukari, da yawa kuma suna kai wa nan ta hanyar rage sukarin shayi da lemon kwalba da tattakin minti 30 bayan sallar asuba.