Abin da dokar SON take nema daga mai buga bulo

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo a Arkilla ko Mabera cikin Sakkwato ya san tambayar farko da mai saye yake yi: "Malam, guda nawa kake cirewa a buhu?" Tambaya ce ta hankali, domin yawan bulon da aka tatsa daga buhun siminti mai kilo 50 shi ne rabin labarin ƙarfinsa. Hukuma ma tana yin irin wannan tambaya, sai dai ita da doka a hannunta.

Hukumar ita ce SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, wadda aka kafa a 1971, dokar 2015 kuma ta ƙara mata iko. Ƙarƙashin shirinta na MANCAP, wanda ya fara a 2006, kayan da aka sarrafa a cikin gida dole su cika ma'aunin ƙasa kafin a kai su kasuwa. Bulo ma yana da nasa ma'aunin. Dokar da ta hau kan kamfanin siminti na Kalambaina ita ce ta hau kan mai injin buga bulo ɗaya a bakin titi.

Jami'ai sukan zo wurin aiki, su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji, a danne bulon da na'ura har ya fashe, a ga nauyin da ya ɗauka. Amma ba nan suke tsayawa ba, suna duba yadda ake aikin kansa. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna, don kowa zai iya buga bulo mai kyau ranar da ya san baƙi na tafe. Abin nema shi ne kwaɓin Litinin ya zama daidai da na Alhamis: adadin baron yashi a kan kowane buhu ya tsaya wuri ɗaya ko maigida yana nan ko ba ya nan, yashin ya zama marar laka, a rubuta ranar da aka buga kowane layi.

Sai ban ruwa, inda Sakkwato take da nata ciwon. Siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da rana ba, kuma sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, bulon da ba a jiƙa safe da yamma ba bushewa kawai yake yi. Na taɓa danna gefen wani bulo mai inci 9 da babban yatsa ya zube kamar garin kwaki, alhali an riga an loda shi a mota za a kai ginin gidan da yara za su kwana.

Wanda ya ci gwajin ana ba shi takardar shaida da tambari, a riƙa leƙo shi lokaci-lokaci. Wanda ya ƙi gyarawa, doka ta ba SON damar rufe wurinsa, ta kwashe kayan, ta kai shi kotu.