Karatun Injiniyan Lantarki a Saudiyya: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Tun ranar da dangi suka fara kirana "muhandis", wato injiniya, ban sake cin abincin walima a Jidda cikin kwanciyar hankali ba. Kafin in kai loma uku, wani dattijo ya jawo kujera kusa da ni: ɗansa na ajin ƙarshe na sanawiyya, wato babbar sakandare, yana son karatun lantarki, yaya za a yi? Wasu kuma daga Kano da Damagaram suke turo saƙon murya ta WhatsApp, kowane saƙo minti bakwai. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in zuba amsoshin wuri guda.

Malam Injiniya, wai ba haɗa waya da gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba ne? Shekara biyar a kan abin da yaron shago ke koya a shekara ɗaya?

Baba, ni ma da wannan aka tarbe ni. Ina shekara ta biyu kawuna ya kira ni gidansa a Karantina, ana tsakiyar zafi, mukayyif ɗin taga na ta gurnani amma ya ƙi tashi. Na ci jarrabawa a kan da'irar lantarki, amma ko murfin mukayyif ban taɓa kwancewa ba. Na yi tsaye ina zufa. Aka kira wani yaro daga shagon bakin layi, ya kasa kunne, ya ce "kafasita ce", ya zaro wani ɗan gwangwani da ya kumbura, ya sa sabo, sanyi ya fara fita. Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To kai me suke koya muku?"

Sai da shekara ta zagayo na samu amsar. Moton da ke aiki da wuta mai layi ɗaya ba ya iya tayar da kansa. Kafasitar ce ke sa wutar da ke shiga naɗin waya na biyu ta ɗan riga ta naɗin farko, wannan saɓanin kuma shi ke haifar da maganaɗisu mai juyawa da ke jan moton. Yaron shago ya san wadda ta mutu, kuma wallahi wannan ilimi ne. Amma akwai wanda ya zauna ya lissafa girman kafasitar, da kaurin wayar naɗin, da yawan mukayyif ɗin da taransifomar unguwa za ta iya ɗauka a watan Agusta ba tare da ta kama wuta ba. Wannan shi ake horarwa a jami'a. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mene ne bambancin "lantarki" da "elektironik"? Na ga wasu jami'o'in sun haɗa su, wasu sun raba.

Ɓangaren lantarki yana hulɗa da wuta a matsayin ƙarfi: samar da ita, ɗaukarta zuwa nesa, rarraba ta, da juya injina da ita. Manyan layukan Saudiyya na ɗaukar bolt 380,000, na Najeriya 330,000. Dalilin ɗaga bolt haka shi ne asarar da ake yi a waya: in ka ninka bolt sau biyu, wutar da ke gudana ta ragu zuwa rabi, asarar kuma ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Elektironik kuwa wuta ce a matsayin saƙo. Bolt uku ko biyar, taransista, allon cikin waya, na'urar asibiti, eriyar sadarwa. Tun da aka ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947 wannan ɓangare ke ta haihuwa. A yawancin jami'o'in nan sashe ɗaya ne, ana tafiya tare, sai wajen shekara ta huɗu ɗalibi ya karkata: ƙarfin wuta, ko sadarwa, ko elektironik, ko sarrafa injina.

Yaya, me ake karantawa, kuma a ina mutane suka fi faɗuwa?

Ƙanina, lissafi ake karantawa. Wanda ya ce maka wani abu daban, yaudararka ya yi.

Shekarar farko ta share fage ce: Turanci, kalkulas, fiziks, kemistiri, ɗan rubuta manhajar kwamfuta. Kada ka raina ta. A jami'o'i da dama, mu'addal ɗin, wato matsakaicin makin da ka fita da shi a wannan shekarar ne zai yanke ko za a ba ka injiniya ko a tura ka wata kulliyar. Na san yara masu kai da suka ɗauke ta shekarar hutu bayan wahalar sanawiyya, suka wayi gari a sashen da ba su taɓa mafarkinsa ba.

Daga nan sai da'irori. Dokar Om da ka haddace, da dokoki biyu na Kirkof na 1845, da farko kamar wasa. Ranar da aka shigo da wuta mai kaiwa da komowa, irin ta soket ɗin gida, lissafin ya sauya fuska. Za ka haɗu da wata lamba da in an ninka ta da kanta take ba da ɗaya a ƙasa da sifili. Masana lissafi na rubuta ta da harafin i, mu kuwa j muke cewa, don mun riga mun ba wa gudun wuta harafin i. Ka ga saɓanin nan da na ce kafasita na kawowa a mukayyif ɗin kawu? Da j ake lissafa shi.

Inda ake rarrabe aya da tsakuwa wuri biyu ne: darasin sigina, wanda ake farfasa kowace irin igiya zuwa ƙananan igiyoyi da dabarar Furiye, da darasin maganaɗisun lantarki. Na biyun gaba ɗayansa a kan jimlolin lissafi huɗu na Makswel yake, za su shiga bayan katin gayyata, amma zangon karatu guda ba ya isar mutum ya narkar da su. Hadda ba ta aiki a nan, abin da ke ba 'ya'yanmu mamaki ke nan, don mun saba kai ya ɗauki shafi ya mayar. Malamin zai sauya siffar tambaya kaɗan, mai hadda ya tsaya cak.

Sai ɗakin gwaji, wanda shi ne daɗin abin. Kusan babu wanda ya gama karatun nan bai ƙona fis ɗin mita ba. Nawa ya tafi ne a mako na uku: na bar mitar a ma'aunin gudun wuta na ɗora ta kai tsaye a bakin wutar, ta yi ɗan "tas", ta yi shiru, abokin aikina ya yi ta dariya har da riƙe ciki. A ƙarshe akwai horon aiki a kamfani, da aikin kammalawa da ƙungiyar ɗalibai ke ƙerawa su kare a gaban malamai.

Da Larabci ake koyarwa?

A'a. Littattafai, jarrabawa, rahoton gwaji, duk da Turanci. Malami Balarabe kan juya bayani zuwa Larabci in ya ga aji ya yi tsit, amma takardar jarrabawa ba ta juyawa. Yaron da ya tashi a Makka yana da Larabci da Hausa, Turanci ne ciwonsa. Wanda ya zo daga Najeriya Turancin bai dame shi ba, amma a ofishin rajista da kantin unguwa sai ya koma kurma. Na Nijar shi ne mai babban aiki, Faransanci ya kawo, harsuna biyu ke jiransa.

An haifi ɗana a Shara Mansur, nan ya yi makaranta. Zai samu shiga?

Hajiya, magana ta farko ita ce igama, takardar izinin zama. Gurbin da jami'o'in gwamnati ke ba wanda ba ɗan ƙasa ba, minha ake kiransa, kuma iri biyu ne: ta cikin gida ga mazauna masu igama mai rai, da ta waje ga masu zuwa daga ƙasashensu. Wanda takardarsa ba ta cika ba, ko da shi ne na ɗaya a makarantarsu, ƙofar ba za ta buɗu ba. Na ga wannan ya karya zuciyar yara da yawa a cikinmu, kuma laifin ba nasu ba ne. Don Allah a fara gyaran takarda tun yaro na mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, kada a jira ya riƙe shahadar gama sanawiyya a hannu.

In takarda ta yi, sai jarrabawa biyu: Ƙudurat, mai auna fahimtar harshe da lissafi, da Tahsili, mai auna lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Jami'o'i da yawa na haɗa kashi 30 na sakamakon sanawiyya, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili. Kujerun minha a injiniya kaɗan ne, masu nema kuwa daga kowace ƙabila, saboda haka maki mai kyau kawai bai isa ba, sai mai kyau ƙwarai. Wanda bai samu ba akwai jami'o'in kuɗi, sai dai kuɗin ba na wasa ba ne. Iyalai da dama sun ga ya fi musu sauƙi su tura yaro Zariya ko Kano, ABU da BUK duk suna da wannan sashe tun da daɗewa.

Ni ina gida Najeriya. Ta ina zan nema?

Ta shafin Study in Saudi da ma'aikatar ilimi ta buɗe a 2022. Kai da kanka za ka cike, ka ɗora sakamakonka da fasfo da sauran takardu. Cikakkiyar minha na ɗauke kuɗin makaranta da masauki, da ɗan alawus na wata-wata da ake kira mukafa'a. Duk ejan da ya ce kawo kuɗi yana da hanya, riƙe aljihunka.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ba Shari'a da Hadisi kaɗai take koyarwa ba, tana da kulliyar injiniya kuma akwai sashen lantarki a ciki.

Wace jami'a ta fi?

A injiniya sunan da kowa ke fara kira shi ne Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai da ke Zahran, wadda ta faro a 1963, shigarta kuma sai an shirya. Sai ta Sarki Sa'ud a Riyad, 1957, da ta Sarki Abdul'aziz a nan Jidda, 1967. Kusa da mu akwai Ummul Ƙura a Makka da Ɗaiba a Madina. Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha, KAUST, da ke Suwal, wadda aka buɗe a 2009, ta masu digiri na biyu da na uku ce. Ni dai abin da nake ce wa yaro ya duba kafin suna shi ne ko sashen na da tantancewar ABET, hukumar Amurka mai tantance karatun injiniya, domin ita ce ke sauƙaƙa karɓar takardarka in rayuwa ta kai ka wata ƙasa.

'Yata ce ke so. Mata na yi?

Suna yi. Jami'ar Iffat a Jidda ta fara koya wa mata injiniya tun 2006, ta Zahran ma ta fara ɗaukarsu a digirin farko a 2021. Lissafi bai san mace ko namiji ba.

In ya koya a nan, zai yi aiki da shi a gida? Na ji an ce wutar ba iri ɗaya ba ce.

Alhaji, an faɗa maka gaskiya, kuma kai ma wataƙila ka taɓa ɗanɗanawa. Wutar Saudiyya na kaiwa da komowa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan sau 50. Moton da ke juyawa kusan sau 1,800 a minti a Jidda, in ka kai shi Kano zai koma kusan 1,500, ƙarfen cikinsa kuma ya riƙa ɗaukar maganaɗisun da ya zarce wanda aka ƙera shi dominsa da kashi 20 cikin 100. Sai zafi, sai wari, sai a kai wa mai naɗi. Firji da injin wanki nawa alhazai suka yi dakonsu daga kasuwar Balad ta Jidda suka mutu a haka, aka ɗora wa wutar gida laifi! Dutsen guga bai damu ba, cajar waya ma haka. Kafin ka saya, juya bayan kayan: in an rubuta 50/60 Hz, ɗauka.

Hatta maƙwabtan Saudiyya na yankin Gulf a kan 50 suke. Da aka zo haɗa layukansu a 2009, sai da aka gina tasha a Fadili wadda ke mayar da wutar mai tafiya ɗaya, sannan ta sake mayar da ita mai kaiwa da komowa a ɗaya ƙidayar. A cikin gidaje kuma har yanzu ana fama da gadon bolt 127 da 220, tun 2010 aka yanke komawa 230. Duk wannan a wajen injiniya sauya lamba ce a cikin lissafi ɗaya. Ilimin na tafiya ko'ina.

To aikin fa? Yana gamawa zai samu?

Ayyuka na nan birjik. Tashar sola ta Sakaka mai megawat 300, ta Sudair mai 1,500, ta iska a Dumatul Jandal mai 400, jirgin ƙasan Haramaini da ya fara jigila a 2018, ga burin samar da rabin wutar ƙasar daga rana da iska zuwa 2030. Amma ba zan ɓoye maka ba, ɗan ƙasa ake fara dubawa. An wajabta wa kamfanoni ba 'yan ƙasa kashi 20 na kujerun injiniya daga 2021, aka ɗaga zuwa 25 a 2024. Baƙo kuma sai ya yi rajista da Hukumar Injiniyoyin Saudiyya kafin a rubuta masa "muhandis" a igama. Namu sun fi samu a wajen 'yan kwangila da kamfanonin kula da gine-gine, albashin farko kuma ba ya kai yadda dangi ke zato.

Shi ya sa nake ce wa yara su yi karatun ido ɗaya na kallon gida. Wanda zai koma Najeriya zai kai takardarsa ma'aikatar ilimi ta tarayya a tantance, ya yi bautar ƙasa, ya nemi rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar shiga harkar wuta, kuma duk wanda ya iya lissafin sola da inbata da batir yadda ya kamata, ba na kintace ba, ba zai rasa abin yi a Arewa ba.

Kawu, saura wata uku a fara. Me zan yi kafin nan?

Ɗauko littafin lissafinka na sanawiyya ka sake bin aljabara da lissafin kusurwoyi, tambaya goma kullum bayan Asuba, da biro, ba da ido ba. Ka riƙa sauraron darasin fiziks da Turanci ko da rabi kake ganewa. Sannan ka sayi 'yar mita mai araha da fis biyu na ajiya, ka je shagon mai gyaran mukayyif na layinku bayan La'asar, ka gaishe shi, ka ce ya bar ka ka riƙa miƙa masa sukundireba.