Burin ɗalibi a tsarin IEP na Amurka

IEP (Individualized Education Program, wato tsarin karatun da aka keɓe wa ɗalibi ɗaya) takarda ce da makarantun gwamnati a Amurka ke rubuta wa kowane ɗalibi mai buƙata ta musamman. A cikinta ake fayyace inda karatunsa ya kai, da burin da ake so ya cimma a shekara, da tallafin da zai samu. Iyaye da malamai da wakilin hukumar makarantu ne ke tsara ta, kuma ana sake duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Tarihi

Kafin shekarun 1970, makarantu a jihohi da dama na iya ƙin karɓar yaro saboda nakasarsa. Shari'o'i biyu, ɗaya a Pennsylvania ɗaya a birnin Washington, wajen 1971 zuwa 1972, su suka share fage. A Nuwamban 1975 shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar da ta wajabta IEP. A 1990 aka sake mata suna IDEA, wato dokar ilimin masu nakasa, aka ƙara shirin rayuwar ɗalibi bayan makaranta.

Hukunce-hukunce biyu na kotun ƙolin Amurka sun yi fice a kan batun. A shari'ar Rowley ta 1982, kan wata yarinya kurma da iyayenta suka nema mata tafintan maganar hannu, kotu ta ce ba dole ba ne, tunda tana cin jarrabawa. A 2017 kuwa, iyayen Endrew F., yaro mai lalurar otizim (wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane) a Colorado, suka koka cewa kusan buri ɗaya ake ta maimaita masa kowace shekara. Alƙalan suka yanke baki ɗaya cewa burin ya zama mai ɗan tsauri daidai halin yaron, ba na jeka-na-yi-ka ba.

Bakin ɗalibi

Gyaran da aka yi wa dokar a 2004 ya ce a fara shirin bayan makaranta daga shekara 16 ko kafin nan, kuma dole a gayyaci ɗalibin zaman da za a tattauna shi. Michael Wehmeyer na jami'ar Kansas da abokan aikinsa sun fito da hanya mai mataki uku: yaro ya zaɓi burinsa, ya tsara yadda zai kai, sannan ya duba ya gyara. Hujjarsu ita ce yaron da ya ce da bakinsa "ina so in iya hawa bas ni kaɗai" ya fi yaron da aka rubuta masa burinsa dagewa.

Saɓani

Masu suka na cewa sau da yawa ɗalibin zaman kurum yake yi, manya na ta magana a kansa.