Rikicin sufurin Shikago a guguwar dusar ƙanƙara ta 1979

Rikicin sufurin Shikago na 1979 shi ne durƙushewar zirga-zirgar bas-bas da jiragen ƙasa na cikin gari a birnin Shikago, jihar Illinois ta Amurka, bayan guguwar dusar ƙanƙara ta 13 da 14 ga Janairun shekarar. Ba ita ce guguwa mafi girma da birnin ya taɓa gani ba, amma wahalar zuwa aiki da mutane suka sha har makonni, da kuma matakin hana jirage tsayawa a wasu tashoshi na unguwannin baƙaƙen fata, su ake yawan dangantawa da faɗuwar magajin gari Michael Bilandic a zaɓen fitar da gwani na watan Fabrairu.

Tsarin sufurin birnin

Hukumar sufurin birnin, wadda aka fi sani da CTA, ta fara aiki a 1947, kuma ita ke riƙe da bas-bas da jiragen da mutanen gari ke kira "L". Mafi yawan layin waɗannan jirage a fili yake, wani ɓangarensa a kan gadojin ƙarfe da aka fara kafawa tun 1892. Ɗan abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai taka kara ya karya ba, kuma sai a 1943 aka buɗe na farkonsa. Jiragen na jan wutar lantarki ne daga wani ƙarfe na uku da ke kwance a gefen dogo, saboda haka da zarar ƙanƙara ta daskare a kansa, wuta ta yanke, jirgi ya tsaya cak.

Akwai kuma layukan da aka shimfiɗa a tsakiyar manyan hanyoyin mota, kamar na Dan Ryan da aka buɗe a 1969 da na Kennedy a 1970. A lokacin an ɗauke su a matsayin ci gaba. Su ne suka fi jin jiki a 1979.

Birnin ya riga ya ɗanɗana irin wannan guguwa a 26 da 27 ga Janairun 1967, lokacin da dusar ta kai inci 23, wato kimanin santimita 58. Majiyoyi sun saɓa kan yawan bas-bas da suka maƙale a tituna a wancan karon: wasu sun ce 800, wasu 1,100.

Guguwar

Dusar da ta zuba a ƙarshen Disambar 1978 ba ta narke ba sabuwa ta sauka a kanta. Wasu na ƙirga farkon guguwar daga daren Juma'a, 12 ga Janairu. Alƙaluman da aka fi ambata su ne inci 20.3, kimanin santimita 52, kuma a ranar 14 ga wata zurfin abin da ke ƙasa ya kai inci 29. Sanyi mai tsanani ya biyo baya, dusar ta daskare ta yi tauri, sannan wata ta yi ta ƙaruwa. A hunturun 1978 zuwa 1979 baki ɗaya an auna inci 89.7, kusan santimita 228, adadin da ba a taɓa samu ba a tarihin birnin.

Bas da jirgi

Matsalar bas daga motocin gida ta taso. Dubban motoci sun binne a bakin titi, motocin share dusa ba su da wurin bi, hanya mai layi biyu ta koma ɗaya. Bas ɗaya in ya zame ya gitta, duk na bayansa sun tsaya ke nan. Bilandic ya umarci jama'a su kwashe motocinsu zuwa filayen makarantu da wuraren shaƙatawa, waɗanda ya ce an share, tare da barazanar tara ga wanda ya ƙi. Da yawa sun haƙe motocinsu da shebur, suka isa filayen suka tarar ba a taɓa su ba. 'Yan jarida sun ɗauki hotunan wuraren, magajin garin kuwa yana ta fitowa a talabijin yana cewa komai na tafiya daidai. Sai kuma ta fito fili cewa an biya wani tsohon mataimakin magajin gari dala 90,000 don ya rubuta tsarin kwashe dusa.

Su kuwa jirage, gishiri ne ya kassara su. Ana watsa gishiri a manyan hanyoyi don narkar da ƙanƙara, tayoyin motoci kuma suna fantsama wannan jagwalgwalo a kan dogon da ke tsakiya. Injinan taragun a ƙasa suke, kusa da ƙafafu, sai ruwan gishirin da garin dusa suka riƙa shiga cikinsu suna ƙona su. Ɗaruruwan taragu suka koma wurin gyara, ƙofofi suna daskarewa, mahaɗar dogo tana ƙin juyawa. Ga shi kuma fasinja sun ƙaru, tunda masu motoci ma sun dawo hawa jirgi. Mutum kan tsaya a dandamalin tasha a sama, iskar Tafkin Mishigan na dukansa, jirgi ya zo cike maƙil, ya jira na gaba, shi ma haka.

Tsallake tashoshi

Wajen ƙarshen Janairu hukumar ta sa jiragen layin Lake da Dan Ryan su riƙa wuce wasu tashoshin cikin gari ba tare da tsayawa ba a lokutan cunkoso. Hujjarta ita ce ƙarancin taragu: in an rage tsaye-tsaye, 'yan jiragen da suka rage za su fi saurin zagayowa. Sai dai tashoshin da aka tsallake galibinsu a kudanci da yammacin birnin suke, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, kuma masu ƙaramin ƙarfi da ba su da wata hanyar zuwa aiki. Suna tsaye cikin sanyi suna kallon jirgi na wucewa ɗauke da mutanen bakin gari da na kewaye. An janye matakin bayan 'yan kwanaki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ana jayayya kan ko Bilandic ne ya ba da umarnin ko hukumar ce ta yi gaban kanta.

Zaɓe

Bilandic ya gaji kujerar ne bayan rasuwar Richard J. Daley a Disambar 1976, kuma yana da goyon bayan jiga-jigan jam'iyyar Democrat, waɗanda suka daɗe suna tinƙahon cewa nasu birni ne da aiki ke tafiya. Abokiyar takararsa, Jane Byrne, tsohuwar kwamishina ce da shi ya sallama a 1977 bayan ta zarge shi kan ƙarin kuɗin tasi. Kafin guguwar ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Ta yi tallan kamfe a tsaye cikin dusa, kuma a ranar 27 ga Fabrairu, da gari ya waye garau mutane suka fito, ta yi nasara da kimanin kashi 51 cikin 100, inda ta samu ƙuri'u masu yawa a mazaɓun baƙaƙen fata. A Afrilu ta ci babban zaɓe ta zama mace ta farko da ta shugabanci birnin. Wasu masana na ganin ɓacin ran waɗannan unguwanni ya girmi guguwar, dusar tona shi kawai ta yi. Bilandic daga baya ya zama alƙali a kotun ƙolin Illinois.

Bayan nan

Birnin ya kafa dokar hana ajiye mota da tsakar dare a manyan tituna daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, ko da dusa ko babu. A yau ana maƙala wa jirage abin kankare ƙanƙara, tashoshin waje kuma suna da fitilun ɗumama jiki. A guguwar 1 da 2 ga Fabrairun 2011, mai inci 21.2, ɗaruruwan motoci har da bas-bas sun kwana a maƙale a titin Lake Shore Drive, amma yawancin layukan jirgin sun ci gaba da aiki.